Ki Kula da Galb

Ni mace ce mai son wanki, duk wanda ya san ni ya san haka. Ko cokali na ga ya kwana biyu a ajiye sai na ɗauraye shi. Maigidana har tsokanata yake yi, wai wata rana zai farka ya tarar na shanya shi a igiya. Halin nan nawa ne ya ja mini abin da har yau ban gama kukansa ba.

Lokacin muna zaune a unguwar Ka'akiyya a Makka, ni da shi da mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Ta tsufa, ƙirjinta kuma ya daɗe yana ba ta wahala. Daga gado zuwa banɗaki sai ta tsaya ta huta. Ɗakinta taga ɗaya gare shi. In an buɗe, zafin Makka ya shigo da ƙurar dutsen da ake fasawa a bayan unguwa. In an rufe an kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, sanyi kam akwai, amma iskar jiya ce dai take ta zagayawa har ta yi nauyi, Inna ta kama tari.

Gyaran mukayyif ne sana'ar maigidana. Wata rana ya shigo da wani farin akwatin ƙarfe, ya huda bango wuri biyu, ya kafa shi a saman ƙofar ɗakin Inna. Bututu ɗaya yana fitar da tsohuwar iska, ɗaya yana shigo da sabuwa, filta biyu suna tare ƙura. A tsakiya akwai wani abu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Ta nan iskokin biyu suke wuce juna ba tare da sun gauraya ba, mai fita ta bar wa mai shigowa sanyinta. Shi wannan na tsakiya galb yake ce masa, yadda abokan aikinsa Larabawa suke faɗa, wato zuciya.

Inna ta samu sauƙi sosai. Ta koma barci mai kyau, har ta dawo da turaren wutarta na ranar Juma'a. Duk sati biyu maigidana yakan hau tsani ya ciro filta ya wanke. Ban taɓa tsayawa na kalla ba, aikinsa ne, ni ina da nawa.

Da aikin Hajji ya matso, kamfaninsu ya kwashe su zuwa Mina don kula da sanyin tantuna, kusan sati uku ba dawowa gida. Wajen kwana goma da tafiyarsa ƙarar akwatin ta canza, tarin Inna ya dawo. Na kira shi, hayaniya ta cika bayansa.

"Filta ne suka toshe," ya ce. "Ki ciro su ki wanke, su bushe sarai kafin ki mayar. Amma don Allah ki kula da galb."

Na ce to. Wani ya ƙwala masa kira da Larabci, ya kashe wayar.

Shi nufinsa in yi hankali da shi, kada ruwa ya taɓa shi. Ni kuwa abin da na ji shi ne in ba shi kulawa fiye da sauran, kuma ni kulawa ɗaya na sani. Da na zaro shi na ga ya yi duhu da hayaƙin turare, har tsaki na yi, na ce ashe haka mutumin nan yake barin datti a ɗakin marar lafiya. Na jiƙa shi a baho da ruwan ɗumi da garin sabulu, na tafi na ɗora girki.

Da na dawo ya kumbura ya narke kamar burodi a shayi. Ashe da takarda aka yi shi.

Na kwashe a faranti na kai rana, ya bushe ya dagargaje. Na mayar da filta na kunna akwatin a haka, sai ga iska mai zafi tana kwarara kan gadon Inna, dole na kashe. Na bi shagunan titin Mansur ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu a rufe, masu su sun tafi aikin Hajji. Wanda na tarar ya ce irinsa sai an kawo daga Jidda, shi ma sai alhazai sun watse.

Ban gaya wa maigidana ba. Kunya ta hana ni, kuma ko na faɗa ba shi da damar barin aiki. Inna ta tambaye ni me ya sa abin ya yi shiru, na ce hutawa yake yi. Ta dube ni, ta dubi akwatin, ta gyara kwanciya.

Kwana huɗu muka yi a haka, ina buɗe taga da asuba, ina rufewa da hantsi, ina jin numfashinta yana ƙara gajarta. Washegarin Sallah maƙwabcinmu ya kai mu asibiti a motarsa. Bayan kwana biyu Allah ya yi mata rasuwa. Likita ya ce zuciyarta ta daɗe da gajiya, ba maganar iskar ɗaki ba ce. Masu gaisuwa suka ce kwana ne ya ƙare. Na yarda da su duka, amma ban samu sanyi a raina ba, don ni kaɗai na san abin da hannuna ya yi.

Maigidana ya samu sallar jana'izarta a Harami. Da baƙi suka ragu, na ɗauko ledar da na ɓoye ɓarɓashin a ciki, na ajiye a gabansa, na durƙusa ina kuka.

Ko buɗe ledar bai yi ba.

"Halas, bar shi, na sani," ya ce. "Inna ta kira ni ranar Arfa, lokacin kin fita."

Na ɗago kai. Inna, saboda kunyar suruki, ba ta taɓa kiransa a waya ba tunda muka yi aure. Ashe matar maƙwabcinmu ta sa ta danna mata lambar.

"Ta ce ita ta sa ki wanke shi, kin ƙi, ta matsa miki. Ta ce in na dawo kada in yi miki faɗa, laifinta ne." Ya share idonsa. "Allah ya jiƙanta, ina za ta san takarda ce?"

Na buɗe baki in gaya masa gaskiya, sai na ga in na faɗa na mai da uwata maƙaryaciya, ba ta kuma nan balle ta kare kanta. Na ce amin. Har yau a haka ya san maganar.