Ranar da Yaya Kabiru Ya Durƙusa

Wata Asabar ce da hantsi, shekarar da na shiga Year Six, wato aji shida na firamare, Mama ta aike mu High Road a Tottenham sayo attaruhu da nama. Ni da Yaya Kabiru ne, shekararsa sha bakwai, watansa huɗu kacal da zuwa daga Kano. Shi ke riƙe da leda, ni ina ta tsallake layukan pavement, daɓen gefen titi, wasanmu na yaran block ɗin benenmu, wanda ya taka layi ya fita. Muna kaiwa bus stop 'yan sanda biyu suka tare shi, wai ya yi kama da wani da suke nema.

To ku ji yadda aka rene mu. A flat ɗinmu na council, gidajen haya na hukuma, hawa na shida, ko wanke-wanke kake yi babba ya shigo, sai ka ajiye soso ka durƙusa. Kullum Mama cewa take, "Ba a kallon babba a ido." Ni a makaranta na riga na koyi akasin haka, Miss, malamarmu, takan ce in kalle ta in tana magana. Yaya kuwa ba wanda ya gaya masa, har ni. Da ɗan sandan ya daka masa tsawa, sai ya sunkuyar da kai, ya rusuna, ya kai hannu ƙasa zai ajiye ledar. Wallahi gaishe su zai yi! Su kuma suka ɗauka wuƙa zai zaro daga safa. Kafin in ƙifta ido sun kayar da shi, gwiwa a gadon bayansa, kuncinsa a kan siminti, attaruhu ya watse ana takawa. Yana ta "Sorry sir, sannunku da aiki," ni kuwa na ƙame.

Ba su sami komai ba, amma suka rubuta wai ya yi resisting, wato ya yi gardama da za su kama shi. Aka ce sai kotu, kuma abin zai iya taɓa takardun zamansa. Ni kaɗai na gani tun daga farko. Mama tana kuka tana cewa, "Hauwa, ki yi shiru, mu baƙi ne." Sati biyu, a playground ana skipping da igiya ni ina jingine da bango, jira nake a ce an mayar da shi Kano. Ranar da muka je wajen solicitor, lauyar da za ta kare shi, matar ta juyo ta ce in faɗi abin da na gani. Turancina duk ya gudu. Sai na sauko daga kujera, na ɗauki jakar Mama kamar ledar, na durƙusa a gabanta kaina a ƙasa. Na ce, "Haka ya yi, haka muke gaida manya." Daga nan magana ta ɓalle, ina kuka ina faɗa, tana rubutawa. Bayan wata biyu aka yi dropping case ɗin, aka janye ƙarar.

Yanzu shekarata sha tara, ina koya wa kaina rubutun Hausa a waya cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, don wannan labarin ya ƙi barina. Duk yaron da ya iso daga gida, ni ke fara ce masa ya tsaya cak, ya ɗaga kai, hannunsa a fili. Yaya yana tuƙa bus, lafiyarsa lau. Amma tun ranar bai ƙara durƙusa wa kowa ba, ko Mama a tsaye yake gaishe ta, ido cikin ido. Ita da ta koya mana, ba ta taɓa yi masa faɗa ba.