Takardar da Na Sa a Jakar Ɗan Fotugal

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa. Wani lokaci sai in yi ta neman tabarau alhali yana kan hancina, sunayen mutanen da muka shekara muna aiki tare ma sai na yi lalube. Amma akwai wani yammacin Asabar a filin ƙwallon Kurudu da na san ba zai bar ni ba sai ranar da ƙasa ta rufe idona. Na daɗe ina riƙe da shi a ciki. Yanzu na ga gara in faɗa, ko Allah zai sa wani uba ya amfana.

A lokacin ina aikin masinja a wata ma'aikatar tarayya, a unguwa kuma ni ke jan salla a masallacin layinmu idan liman ba ya nan. Boko kaɗan na yi, daidai wanda zai ishe ni karanta abin da ke bayan fayil. Karatuna na gaske a zauren mahaifina na yi shi, kuma da ajami hannuna ya saba. Wasiƙar da zan aika gida, maganin da likita ya ce in sha safe da yamma, duk da ajami nake rubutawa. 'Ya'yana a Abuja suka tashi. Sun yi boko, sun yi Islamiyya, suna karanta bugaggen Alƙur'ani, amma rubutun hannuna irin na zaure ba wanda na zaunar na koya wa. Kullum ina cewa sai an samu lokaci.

Wanda labarin ya shafa shi ne ɗana na fari. A gidanmu ana yi wa ɗan fari kara. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunan yayana ba, ni ma a haka na taso. Sai dai in ce "kai", ko "ina yaron nan?" Ban taɓa yaba masa a gaban idonsa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi muna hira ba. Allah shaida ba ƙi ba ne. Abin da na gada ke nan, na ɗauka shi ne mutunci.

Yaron nan mai tsaron raga ne. Duk Kurudu da Ɗan Fotugal aka san shi, saboda wani golan ƙasar Fotugal da ya ɗauka tamkar malaminsa. Ni ban taɓa shiga gidan kallo ba, amma na haddace tarihin mutumin nan ta bayan labule, domin kullum uwarsa tana tsintar shinkafa yana zaune yana zuba mata. Yadda ya taso tun yana ƙarami a hannun wani babban kulob na ƙasarsu, yadda ya yi zaman benci yana jiran na gabansa, yadda aka miƙa masa raga, har ƙungiyar ƙasarsu ta kira shi.

"Umma, kin san me ya bambanta shi? Haƙuri. Ba ya faɗuwa sai ya ga inda ƙwallo ta nufa."

"To madalla," in ji uwar. "Shi ma in ya ci abinci barin kwanonsa yake yi a tsakar gida?"

Ina daga ɗaki ina murmushi, amma in na fito sai in ɗaure fuska. A masallaci kuwa na sha faɗa cewa ƙwallo ta cinye wa samari sallar La'asar. Har tsokanata ake yi, a ce, "Malam, ai a gidanka aka fi iyawa." Abin da ba wanda ya sani shi ne, akwai wani kango kusa da filin, na sha tsayawa a bayansa ina kallon yaron yana shawagi a bakin raga. Kuma na lura ko sau ɗaya bai taɓa shiga fili bai yi salla ba.

Kocinsu wani mai walda ne, Kirista daga Filato, mutumin kirki. Wata Alhamis ya same ni a ƙofar gida, ya rusuna ya gaishe ni.

"Malam, yaronka tana da hannu," ya ce da irin Hausarsa. "Asabar wani oga zai zo daga babban kulob, gola ɗaya suke nema. Irin wannan dama ba ya zuwa Kurudu sau biyu. Shi ba ya tsoron kowa a fili. Albarkarka kawai yake jira."

Na ce, "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri." Na shige gida.

Ranar Asabar bayan na dawo sallar Asuba, zuciyata ta ƙi kwanciya. Ina so in sa masa albarka, bakina ya ƙi. Sai na ɗauko alƙalami da tawada, na yagi takarda. A layin farko na rubuta sunansa, abin da harshena bai taɓa furtawa ba. A ƙasa na rubuta: "Na yarda. Na sha kallonka ba ka sani ba. Ka je, Allah ya yi maka albarka. Ina alfahari da kai." Na ninke ta ƙanana kamar yadda hannuna ya saba. Da yake damina ce, na naɗe ta a leda, na ɗaure da zare don kada ta jiƙe. Na tura ta cikin 'yar jakar da yake sa safar hannunsa. A tunanina zai gani kafin ya fita, ya kai wa liman ya karanta masa, magana ta isa ba tare da mun haɗa ido ba. Ban tsaya na dubi abin da na haɗa ba. Takarda mai baƙaƙen Larabci, a ninke, a naɗe, a ɗaure da zare. Ko ni na tsince ta a hanya, laya zan ce.

Bai gan ta ba. Ta zame can ƙasan jaka.

Bayan La'asar na tafi filin, na laɓe a bayan mutane kusa da mai sayar da rake. Wasu dattawa biyu na masallacinmu suka gan ni, na ce wucewa nake yi. Baƙon da kocin ya ce zai zo yana zaune a kujerar roba da littafi a cinyarsa. Yaron ya ajiye gorar ruwansa da jakar nan a cikin raga kamar yadda masu tsaron raga ke yi, aka busa usur.

Ban san ƙwallo ba, amma na san abin da na gani. Abokan karawar sun fi ƙarfi, suka yi ta ruwan hari, shi kuwa kamar an gina katanga. Ta sama ya cafke, ta ƙasa ya ture. Baƙon nan sai rubutu yake yi. Bayan an dawo hutu aka ba abokan karawar fenariti. Filin ya yi tsit. Yaron ya tsaya cak, bai motsa ba sai da ƙafa ta taɓa ƙwallo, sannan ya yi tsalle ya doke ta waje. Ban san lokacin da na ce "Allahu Akbar" ba.

Ihun bai lafa ba sai wanda ya buga ya ɗaga hannu yana kururuwa. "Akwai abu a ragar nan! Wallahi akwai juju!" Ya ruga cikin raga, 'yan uwansa suka bi shi, suka zazzage jakar a ƙasa. Ga 'yar ƙullin ledata a kan ciyawa.

Aka tsinke zaren, aka ɗaga takardar sama. "Ga shi nan! Rubutu ne!" Mutane suka cika fili. Alƙalin wasa ya karɓa yana juya ta, har a kife ya riƙe. Aka turo wani saurayi da aka ce ya yi Islamiyya, ya ƙura mata ido, ya ce, "Wannan ba aya ba ce. Ban san mene ne ba." Sai abin ya ƙara lalacewa. In ba aya ba ce, to surkulle ne.

"Wallahi ban san da ita ba," yaron yake ta faɗa. "Koci, wallahi ban sani ba." Sai aka miƙa masa takardar a fuska. Na ga lokacin da ya gane rubutun hannuna. Ya ɗaga kai yana duba cikin mutane har idonsa ya sauka a kaina.

Alƙalin wasa ya ɗaga murya. "Akwai wanda zai iya karanta wannan?"

Tsakanina da su bai fi taku ashirin ba. Abin da ake bukata kawai in ratsa, in ce ni na rubuta, in karanta layi biyar. Amma layin farko sunansa ne, na ƙarshe kuma kalmar da ubana bai taɓa faɗa wa ɗansa ba, ga jama'a, ga mutanen da na sha yi wa wa'azi a kan ƙwallo. Ɗaya daga cikin dattawan nan ya girgiza kai ya ce, "Subhanallahi. Yaran yanzu, har da shirka a wajen wasa." Na ce wa raina bari hayaniya ta lafa tukuna, sai in samu baƙon a gefe. Na sunkuyar da kai.

"Wa ya ba ka?" alƙalin wasa ya tambaye shi.

Yaron ya ɗauke idonsa daga kaina, ya ce, "Ban sani ba."

Sai daga baya na fahimci abin da ya yi. Shi ma a lokacin ya ɗauka laya ce. Ya gwammace a ce shi ne mai tsafi, da a ce na'ibin liman ne ke rubuta wa 'yan ƙwallo laya. Ya rufa mini asiri a daidai lokacin da na ƙi buɗe baki in wanke shi.

Don a samu a ci gaba da wasa, aka fitar da shi. Baƙon ya rufe littafinsa, na ji yana ce wa koci, "Yaron ya iya, amma ba ma son irin wannan wahala a kulob." Kafin hayaniyar da nake jira ta lafa, motarsa ta bar Kurudu. Golan ɗaya ɓangaren baƙon ya ɗauka.

Washegari kocin ya zo. Na gaya masa gaskiya. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Haba Malam. Haba Malam." Ya buga wa baƙon waya, aka ce an riga an gama magana. A unguwa kuma suna ya canja, daga Ɗan Fotugal ya koma gola mai laya. Duk filin da ya je sai an bincike ragarsa ana dariya. Kafin damina ta zagayo ya rataye safar hannunsa, ya bi wani direba yana koyon mota. Yau shi ke ɗauko lemo da kankana zuwa kasuwar Zuba. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai taɓa fasa gaishe ni ba, bai kuma taɓa tambayata ba. Ni ma ban ce komai ba. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Shekaru suka wuce, ya yi aure, ya haihu. Wata rana da yamma na je duba jikana da ke zazzaɓi, na tarar da talabijin a kunne, Fotugal na wasa. Na yi kamar zan juya, sai ya ce, "Baba, zauna mana. Ga mutumin nan, har yanzu shi ne a ragar ƙasarsu." Na zauna. Karo na farko ke nan da muka zauna kujera ɗaya. Na ga golan da na haddace tarihinsa ta bayan labule, ya tsaya cak yana jira, irin tsayuwar da na gani a Kurudu.

Da aka tafi hutu ya shiga ɗaki, ya fito da wata takarda da ta yi ja don tsufa. Kocin ne ya tsince ta a fili ya ba shi. Yaron ya ce tuni ya kai wa wani tsoho mai sayar da goro a Zuba ya karanta masa.

"Tun yaushe?" na tambaya.

"Tun shekarar da na fara bin mota." Ya miƙo mini. "Na ji ta a bakin mai goro, Baba. Ina so in ji ta a bakinka."

Na karɓa. Na kira sunansa. Yana da shekara kusan talatin, ranar ya fara jin sunansa a bakin ubansa. Na karanta har ƙarshe.

"Da ranar nan ka faɗa," ya ce, "ko ba su ɗauke ni ba, da ya ishe ni."

Na nemi gafararsa, ya ce ya yafe tuntuni. Na san rabo na Allah ne, wataƙila ko na yi magana ba a rubuta masa zai tsare ragar wani babban kulob ba. Amma ba wannan za a tambaye ni ba. Za a tambaye ni shaidar da na riƙe a baki ana yi wa ɗana ƙazafi. Kara abu ne mai kyau, ban ce a yar da ita ba. Sai dai kunyar da za ta hana ka tsayawa wa naka ranar da yake neman ka, wannan ba kunya ba ce, tsoron mutane ne. Albarkar da ke bakinka ka faɗe ta da baki tun mai ita yana tsaye a gabanka. Ni na ninke tawa na ɗaure da zare, ta zame ƙasan jaka, kuma sai da ta shekara goma kafin ta isa.