Ƙafar Inna

Ana ta zancen samun 'yancin kai a gari lokacin da ƙafar mahaifiyata ta kumbura. Ƙaya ce ta soke ta a ruga, ta ɓoye har ta kasa takawa, sannan aka kawo ta gidana a Ƙofar Ran. Ni ne ɗan farinta, ita kuwa Bafulatana ce ta sosai. Ko sunana ba ta faɗa, balle ta yi mini kukan ciwo.

Na ɗora ta a jaki muka tafi asibiti. Likitan Bature ne, mai yi masa tafinta kuma wani ɗan Kudu da ya tsinci Hausarsa a kasuwa. Tafintan ya ce, "Mama, yaya jiki?"

Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Da sauƙi."

Ya juya ya yi Turanci, likita ya yi murmushi, aka ba mu ƙwayoyi, aka kira na gaba. Ƙafar tana cikin zane, babu wanda ya duba.

Na ce, "Malam, ba ta barci fa saboda zogi."

Ya ce, "Kai ne mara lafiya? Shi da bakinsa ya ce ya samu sauƙi."

Na kama hannun Inna muka fito. A wurinmu ko wanda ke gargara ka gaisar, abin da zai ce ke nan. A hanya na yi wa Inna magana, ta ce ba ta zo birni don ta yi raki a gaban maza ba. Sai haushina ya kasu biyu.

Da muka koma haka aka sake yi. Na ɗaga murya, maigadi ya fitar da ni.

Goggona ce ta ce, "Kai zauna a gida." Ta tafi da Inna, ba ta bi layin likita ba, ta zauna a baranda har wata nas ta zo wucewa. Ta riƙo hannunta, ta ja ta gefe, ta ɗaga mata zanen Inna. A ranar aka kwantar da Inna, aka tsaga ƙafar. In ji Goggo, likitan faɗa ya yi ta yi, wai me ya sa ba a kawo ta da wuri ba.

Inna ta warke, amma da ɗingishi ta koma ruga, ba ta ƙara kawo nono gari ba.