Neman Asalin Kifin Inna

Daura

Ana idar da sallar asuba na nufi tasha, raina a jagule. Tun da aka sallamo mahaifiyata daga asibiti likita ya hana ta jan nama, ya ce kifi. Ita kuwa Inna ta kafe ba za ta ci na ƙanƙara ba sai ta san ruwan da aka kamo shi. A ƙauyensu na wajen Dutsi, in ji ta, kowane kifi da sunan tafkinsa. Ga shi rani ne, ɗanye ya yi wuya, tana ta ramewa a kan idona. Mai sayar mana ya ce shi ma daga Kano ake kawo masa, sai na ce to a can za a yi ta.

Kazaure

A shingen 'yan sanda direba ya tambaye ni abin da zai kai ni Kano. Na gaya masa. Ya yi dariya har da dukan sitiyari.

"Ai kifin Legas ne, Malam! Sauka ka koma gida."

Wata fasinja ta ce ƙarya ne, na Kwatano ne. Suka yi ta musu har muka shiga gari, ni da na kawo maganar ba wanda ya sake bi ta kaina.

Kano

Da hantsi na isa wani gidan ƙanƙara. Mai wurin, wani Alhaji mai fara'a, ya shigar da ni ɗakin sanyi haƙorana na kaɗawa.

"Alhaji, don Allah daga wane ruwa?"

"Wanne daga ciki? Kifin Taitus ɗin nan a da daga ƙasar Nowe muke samu. Da dala ta tashi mutane suka koma shawa, ita kuma wani zubin Holan, wani zubin Rasha. Kote daga Muritaniya."

Na ɗan ji sanyi a raina, ko ba komai na san Muritaniya. Sai ya ƙara da cewa wataƙila jirgin da ya kamo shi na wata ƙasa ne, kwalin kuma a wata aka naɗe shi.

"To Legas fa?"

"Legas sauke kaya kawai take yi."

Na zo da tambaya ɗaya, ga ni da ƙasashe huɗu ba tafki ko guda. Wallahi kaina ya ɗaure. Na sayi kote na juyo.

Gida

Bayan la'asar na iso. A hanya na shirya ƙarya, zan ce na kogin Haɗeja ne. Da na durƙusa gabanta bakina ya ƙi.

"Inna, ban samo ba. Mai sayarwa ma bai sani ba. Teku ne dai, bayan ƙasashe da yawa."

Ta kalli kwanon kifin da matata ta dafa ta ajiye.

"Duk ya wuce waɗannan mutane ba wanda ya ci shi, sai ni a Daura?"

"Haka ne, Inna."

"Ashe rabona ne. Miƙo."

Alhamdu lillahi, har kan ta cinye.