Iccen Sani

A gidanmu na Tsarnawa, ranar uku ga Agusta ba ta wucewa hannu ba laka. Ranar samun 'yancin kai ce, kuma ranar dashen itace. Da safe mu dawo daga lakwal, wato makaranta, da tutocin takarda, mu tarar kakarmu Hajo ta karɓo mana dashen bedi, wato dogon yaro, wurin ma'aikatan gandun daji. Kowane jika ya haƙa raminsa bayan gida, ya dasa, a kira iccen da sunansa.

Sai dai Kaka tana da doka: ba mai shayar da nasa. Kowa na ɗan'uwansa zai ba ruwa har rani ya wuce. Ni aka ɗora wa na ƙanena Sani, sarkin rigima, wanda ko rannan sai da ya yaga mini tuta. Na ce wallahi ba zan shayar ba.

"Za ki shayar, 'yar nema," in ji Kaka. "Ƙasar da kuke ɗaga wa takarda, mi ce in ba wannan ba?"

Bayan magariba ta hura wuta ƙarƙashin rumfa, ta zuba ɗanyen ganye don hayaƙi ya kori sauro, muka kewaye ta.

"Ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi ya ba da wuri."

"Ta iso, muna ji!"

Wai wasu 'yan'uwa ne, mace da namiji. Mahara suka dami garinsu, namijin ya ɗauki baka ya bi masu tsaron iyaka. Kafin ya tafi ya dasa gawo, ya bar wa 'yar'uwar. Kullum ta ɗauki tulu ta shayar, iccen ya girma, tsuntsaye suka yi sheƙa a kai. Shi kuwa can ya ɓace a daji, bai san gabas ba balle yamma. Wata safiya ya ga tsuntsaye sun wuce bisa kansa, ya gane na garinsu ne, ya ce da yamma zai bi su. To a daidai lokacin 'yar'uwar ta gaji, ta aje tulu, iccen ya soma zubar da ganye, tsuntsayen suna shawarar sake wurin kwana.

Nan Kaka ta tsaya, tana tona wuta.

"Ya dawo, Kaka?" Sani ya tambaya.

"Ni na sani? Ku tambayi mai tulu."

Kai, Kaka da mugunta! Kowace shekara nan take tsayawa, har ta koma ga Allah ba ta ƙarasa ba. Ni dai tsoro ya sa na shayar da iccen Sani, ina zaginsa ina zubawa.

Yanzu Sani soja ne. An tura su can yamma, inda ba lafiya, kuma tun kafin ruwan farko wayarsa ba ta shiga. Mun je buro, ofishin sojoji, mun tambaya, an ce mu yi haƙuri. Aure bai kai ni nesa ba, kullum ina leƙa gidan. Bana ruwa ya sauka sosai, duk itatuwan sun yi shar, nasa kaɗai gefe guda ya bushe. Na san gara ce. Na san icce mai wannan girma ba ya bukatar tulu, kuma tatsuniya ba ta maido da mutum. Amma zuciyata ba ta jin wannan magana, ina jin tsoro ƙwarai.

Jiya ranar ta zagayo. Na tara 'ya'yana da Rakiya, ɗiyar Sani, suka shafa wa takarda launin tuta, muka yi dashe, na raba musu wanda kowa zai shayar. Da yamma na hura wuta na ba su tatsuniyar. Da na iso inda Kaka ke tsayawa, na so in ƙarasa da kaina, in ce ya dawo. Bakina ya ƙi.

"Gwaggo," Rakiya ta ce, "wa aka ba iccen Baba?"

"Ni ce."

Ta daɗe tana dubana, kamar mai auna ko na isa. Ba ta tambayi ko ya dawo ba. Yau da safe na zo da tuluna, na tarar gindin iccen a jiƙe, ga ɗan bokitinta kife a gefe. Na zuba nawa a kan nata.