Tafasar Bakin Shinge

Da adda na sare furannin maƙwabciyata, kuma har yau ban ba ta haƙuri yadda ya kamata ba.

A garin McLeansville na Amurka muke zaune lokacin. Inna, mahaifiyata, ta zo daga Maraɗi za ta yi mana wata uku, ba ta da zance sai na kwaɗon tafasa. Maƙwabciyar, wata tsohuwar Baturiya, tana da wani tsiro a jikin shingenmu, ta ce daga dazukan duwatsun yamma ta samo irinsa. Fure rawaya, 'ya'ya cikin kwanso kamar wake. Na ce a raina ai wannan tafasa ce, Turawa ne ba su san abinci ba. Ban tambaye ta ba, na miƙa hannu na tsinko ganyen, na dafa, na kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Bai da yawa, sai na bar wa Inna duka.

Ta shinshina. "Ke, tafasar nan ba ta wari. Ganyenta ma uku-uku ne."

"Haba Inna, Amurka ce fa! Nan ko albasa ba ta sa hawaye."

Ta cinye.

Kafin la'asar amai ya turnuƙe ta. Ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar banɗaki, goshinta ya daki bango ya fashe, jini ya wanke mata fuska, jikinta sai karkarwa yake. Na rungume ta ina kurma ihu har motar asibiti ta zo. Likita ya ce guba ce, sai dai a jira, aka hana ni shiga ɗakin da aka kwantar da ita.

Jira ba halina ba ne. Na koma gida na zaro adda. Na sare tsiron, na tumɓuke, na tattake, har addar ta goce ta tsarge mini ƙwauri ban ji ba. Tsohuwar ta fito tana kuka ta riƙe hannuna, na hankaɗa ta ta faɗi cikin saran. Ina ta ɗura mata ashar da Hausa, ita da ba ta ce in tsinka ba. Wallahi na san mai laifin, haushin kaina nake saukewa a kanta.

Sai a kwana na uku Inna ta dawo hayyacinta. Na durƙusa a gaban gadon na tambaye ta me ya sa ta ci, tunda ta ga alama.

Ta shafa ɗinkin goshinta. "Tun lomar farko na san ba ita ba ce. To na ga yadda kike murna kin samo mini."