Layin Da Ban Rubuta Ba A Bungudu

Jama'a, wallahi abin da zan ba ku labari a kaina ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma ko yanzu da na zauna rubutawa sai da na miƙe na zaga ɗaki na dawo. Ƙarshen shekarun casa'in ne, ba a daɗe da ba Zamfara jiha ba, na baro Zariya da ɗan ilmina na kwamfuta na sauka Gusau neman aiki, Allah ya haɗa ni da wani Alhaji Sambo mai sayar da magungunan dabbobi, yana da babban shago a Gusau da ƙanana a Tsafe da Bungudu. Abin da yake so shi ne in yi masa manhajar da idan makiyayi ya zo, mai jiran shago zai zaɓi sunan magani a allo ya buga nauyin dabba, kwamfuta ta fito da takardar awon da za a ba ta, don an sha kawo masa kuka kan an zarce awo dabba ta galabaita.

To bari in yi muku bayanin yadda nake aikin, don ku gane inda abin ya ɗaure mini kai. Ba da hannu nake rubuta dukkan umarnin ba. Akwai wata ƙaramar manhaja da na zo da ita a faifai, ni nake kiranta masaƙi, sai in ba ta tsari a taƙaice, ga magunguna ga yadda ake lissafin awo, ita kuma ta saƙa dogon rubutun umarni layi bisa layi, sannan a harhaɗa shi ya zama manhajar da ake aiki da ita. Kowane shago na je, a kwamfutarsu nake yin wannan ginin. Ashe masaƙin nan ba ya saƙa zane iri ɗaya sau biyu. Ban farga ba sai ranar da mai jiran shagon Tsafe ya zo taimako Gusau, hannunsa ya saba da inda maganin tsutsa yake a allon can, ya danna wurin a allon nan, saura ƙiris ya ba tumakin wata baiwar Allah awon wani magani daban. Alhaji ya kira ni ransa a ɓace, ya ce, "Injiniya, in abu ɗaya kaz zuba, don mi abu biyu ka hitowa?" Ya ce ko in gyara su zama ɗaya ko ya koma wa biro da takarda, ni kuma in kama hanyar garinmu.

Daga nan zama ya ƙi ni. Ina cin abinci ina tunani, ina salla sai in ji layukan nan suna yawo a kaina, astagfirullah. Na riƙa gini sau biyu ina sa kwamfuta ta gwada rubutun farko da na biyu ta nuna mini inda suka saɓa, sai ga dalilan suna fitowa, kuma duk na hankali ne. Masaƙin yana manna kwanan wata da lokaci a saman rubutun, na ɗaure masa kwanan wata ɗaya tal da ba ya canjawa. Yana jera magunguna yadda ya tsince su a faifai, na tilasta masa jeri bisa haruffa. Yana saka sunan kwamfutar da aka yi aikin a kanta, na cire. Na gina a Gusau, na sake ginawa, suka fito kamar an tsaga kara. Na hau mota zuwa Tsafe, ko duwatsun Kwatarkwashi da na saba leƙawa ta taga ban kalla ba saboda ɗoki, na gina a can, ya yi daidai da na Gusau ko ɗigo babu bambanci. Na ce alhamdu lillahi, saura Bungudu.

A Bungudu na gina, na ga girman rubutun ya ɗara na Gusau kaɗan, kafin in duba wuta ta ɗauke. Na ce kwamfutarsu ce ke da ciwo, tsohuwa ce. Ranar kasuwar Bungudu na naɗe kwamfutar Gusau a bargo saboda damina ce, na rungume ta a cinya cikin mota, na zo da faifan da na kulle ta yadda ba za a iya rubuta komai a kansa ba, muka tada janareto ni da Malam Lawali mai jiran shagon, dattijo ne mai sanyin hali. Rana tsaka fa nake gaya muku, ana ta hayaniyar kasuwa, mai fura na tallanta a ƙofa. Na gina, na gwada da na Gusau, sai kwamfuta ta nuna bambanci a wuri ɗaya.

Na matsa kusa da allo na karanta. Umarni ne da aka saƙa tsaf a tsakiyar lissafi, cewa idan an zaɓi wata allurar kumburi da ake yi wa shanu, kada a buga takarda, a nuna wannan saƙo: "Kak ku ba su, ciki gare su."

Kai! Masaƙin nan Turanci kaɗai yake rubutawa, babu kalmar Hausa ko ɗaya a cikinsa, kuma ni Bazazzagi ko a mafarki ba zan rubuta "kak ku" irin ta Zamfarawa a madadin "kada ku" ba. Na sa kwamfuta ta bincike faifan da cikinta kaf ko akwai waɗannan kalmomi a wani wuri, babu. Na goge na sake ginawa, layin ya dawo. Na kashe komai na kunna, ya dawo. Na juya na kalli Malam Lawali na ce, "Malam, tsakaninka da Allah, ka taɓa wani abu?" Ya ce, "Ni da ko sunana da yatsa ɗaya nika bugawa? Mi kag gani?" Na karanta masa. Ya ce shi dai ya san allurar nan idan aka yi wa saniya mai ciki ɓari take yi, amma mantawa ake yi a tambaya, musamman ranar kasuwa.

Muna cikin haka ina ta kai da komowa tsakanin ƙofa da tebur, sai ga wani tsohon makiyayi daga wajen Kekun Waje, sanda a kafaɗa, ya yi sallama ya ce shanunsa ƙafafunsu sun kumbura suna ɗingishi, maƙwabcinsa ya kwatanta masa wata allura, har ya zo da tsohuwar kwalbar a aljihu. Ya ajiye ta a kan tebur. Wallahi tallahi ita ce. Malam Lawali ya dube ni na dube shi, ya ɗan gyara murya ya ce, "Baba, shanun nan naka, ciki gare su?" Tsohon ya sauke sandarsa a hankali ya ce, "Wa yag gaya maku?" Ya ce duk waɗanda suka kamu masu ciki ne, wasu ma sun kusa, kuma su ne abin da ya rage masa. Malam Lawali ya ba shi wani magani daban ya yi masa bayani, tsohon ya fita yana ta sa mana albarka, bai san komai ba.

Yana fita na faɗa kan kujera na sake gini. Layin babu shi. Rubutun ya yi daidai da na Gusau da na Tsafe, abin da na yi makonni ina nema, amma wallahi ban ji daɗin ko ƙwayar zarra ba. Na gina har janareto ya shanye mai, bai ƙara fitowa ba.

Na gaya wa Alhaji, ya daɗe yana jan carbi, ya ce in yi sadaka in kama bakina. Wani abokina da muka yi karatu tare ya ce ƙwayar cutar kwamfuta ce, na ce to wace ƙwayar cuta ce ta san tsoho yana kan hanya da kwalba a aljihu? Daga ranar na daina gini a shaguna. A Gusau kawai nake yi, in adana rubutun da masaƙi ya saƙa, in kulle faifai in kai wa kowa abu ɗaya. Na kuma ƙara tambaya a cikin tsarin da hannuna, duk maganin da ke cutar da ciki sai kwamfuta ta tambaya ko dabbar na da ciki kafin ta buga takarda.

Ranar da na gama wannan ƙarin na gina sau biyu, na gwada, babu bambanci. Har na miƙe zan tafi masallaci, sai zuciyata ta ce karanta da idonka. Na zauna na bi layi layi, ina isowa ƙarƙashin sabuwar tambayar sai na ga kalma ɗaya ita kaɗai a layinta, a cikin rubutun farko da na biyu duka: "Madalla."

Na ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa, na kasa dannawa. Haka na bar ta, haka aka kai Tsafe da Bungudu, haka aka yi ta aiki da ita har na bar wajen Alhaji.

Ku masu wannan sana'a tamu, ku gina sau biyu ku gwada, wannan wajibi ne. Amma don biyu sun yi daidai da juna kada ku ce kun san abin da ke ciki, ku zauna ku karanta abin da na'ura ta rubuta da sunanku, kuma ku yi bismilla kafin ku fara. Ni har yau in na gama gini, ko ni kaɗai ne a ofis, ba na yarda in karanta ina ba wa ƙofa baya.